Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Jami'ar Ahmadu Bello: Ku Ara Wa Yaran Zariya Ranar Asabar

Zuwa ga Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello da 'yan Majalisar Malamanta, Samaru, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Ni tsohon malamin makaranta ne. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da Kemistiri a makarantun sakandare na gwamnati, akasari a nan Zariya da kewayenta, har Allah ya kawo lokacin ajiye alli. Ni ma ɗanku ne, don ta makarantar share fagen shiga jami'a ta Samaru, wadda muke kira SBS, na samu ƙofar shiga. Na zaɓi in rubuto muku a fili, kuma da Hausa, saboda iyayen yaran da zan yi magana a kansu su ma su karanta, su san abin da aka roƙa da sunansu. In na yi kuskure su gyara mini.

Roƙon nawa guda ɗaya ne. Ku ara wa yaran sakandaren gwamnati na Zariya da Sabon Gari ranar Asabar: 'yan ɗakunan lakca, da ɗakin kwamfuta, da ɗakin gwaje-gwaje, na awa huɗu a mako, tun yaro yana aji huɗu, wato SS1, har ranar da zai zauna jarrabawar fita.

Bari in faɗa muku abin da ya tayar da ni. Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan maƙwabcina. Ubansa maɗinkin manyan riguna ne, shi ma yaron da allura a hannu ya tashi. In ya dawo daga makaranta ya ci abinci, sai ya zauna a zaure yana cika aska takwas har la'asar sakaliya. Yaron nan kai gare shi. Lissafin mol na Kemistiri, wanda ke sa manyan ɗalibai gumi, shi kafin in goge allo ya gama. Injiniya yake so ya zama. Uban ya sayar da riga biyu aka yanka masa fom ɗin JAMB, aka tura shi wata cibiya, aka ce ya isa tun sassafe.

Ranar ce ya fara zama gaban kwamfuta a rayuwarsa. Ya kama linzaminta kamar mai riƙe da ƙwai, in ya tura sai 'yar kibiyar ta gudu can kusurwa, in ya jawo sai ta ɓace masa. Agogo kuma yana saman fuskar yana cin lokaci. Mai sa ido ya yi musu bayani cewa ba dole sai da linzami ba: a danna A, B, C ko D don amsa, N don zuwa gaba, P don komawa baya, S in an gama gaba ɗaya. Amma bayanin da aka yi sau ɗaya, da Turanci, cikin ɗaki mai mutum sama da ɗari biyu, ga zuciya tana dukan uku-uku, ba kowa ke riƙe shi ba. Ya gama Turanci, ya gama Kemistiri, yana laluben yadda zai tsallaka darasi na gaba sai ya danna S. Wani ɗan akwati ya fito da tambaya, bai tsaya karantawa ba ya amsa da e. Shi ke nan. Lissafi da Fiziks, inda ƙarfinsa yake, ko buɗe su bai yi ba.

Da yamma ya zo ya tsuguna a ƙofar zaurena, ya cire hula yana murza ta, ya ce, "Baba Malam, rufewa ta yi." Abin da na iya ce masa kawai, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Amma na kwana ina juyi, don na san akwai sakacinmu a ciki, har da ni. Na koya masa mol, ban koya masa danna N ba.

Ku kun fi ni sanin yadda jarrabawar take, amma bari in maimaita saboda iyaye. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir, komai a kwamfuta ake yi. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40-40 a sauran darussa uku. In ka raba, kowace tambaya sakan 40 gare ta, da karantawa da tunani da lissafi da dannawa. Wanda ya ɓata minti goma sha biyar yana kokawa da linzami ya zubar da tambaya sama da ashirin tun bai fara ba. A 2025, cikin masu jarrabawa kusan miliyan biyu a faɗin ƙasar nan, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Kuma tsugune ba ta ƙare ba, don WAEC ta fara yi wa masu zana jarrabawa daga waje ta kwamfuta tun 2024, gwamnatin tarayya kuma ta bayyana aniyarta ta mayar da WAEC da NECO kan wannan hanya. Abin da ya sami ɗan maƙwabcina a awa biyu, gobe zai iya samun ƙannensa a jarrabawar da ake makonni ana yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne garin da hakan ke faruwa. Da a wani ƙauye ne can nesa da titi, sai mutum ya ce to, babu. Amma Zariya? Kwalejin Barewa, da aka kafa a Katsina a 1921, ta yi zango a Kaduna, ta sauka nan a 1949, ita ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari. Ga Alhudahuda a cikin birni. Ga jami'arku tun 1962, da Samaru da Kongo da asibitin koyarwa na Shika. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya wadda aka ɗaga darajarta zuwa jami'a, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama, ga cibiyar nazarin sufuri a hanyar Basawa, ga cibiyoyin binciken noma da na dabbobi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma a nan aka fara ta a 1939. Ko'ina ka je ka ce daga Zariya kake, sai a ce maka birnin ilimi. To, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Wata rana, dab da zan yi ritaya, na tambayi 'yan ajina na ƙarshe, su wajen saba'in, wa ya taɓa shiga cikin jami'a? Hannu shida na ƙirga. Da na bi ba'asi, biyu talla suka kai, ɗaya kuma kawunsa ya raka ɗaukar fasinja a keke. Sauran sun san bakin get, sun san shataletalen Kwangila, sun san motar Samaru, iyakarta ke nan. Babu wanda ya kore su, wannan gaskiya ne. Babu dai wanda ya taɓa ce musu wurin nan da su aka gina shi. Yaron da bai taɓa ganin ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ba, bai taɓa zama a kan bencin ɗakin lakca ba, jami'a a wurinsa labari ce irin ta London, ana faɗa yana ji.

Kwamfuta ita ce mafi sauƙin magancewa, Asabar biyar ko shida sun isa hannun yaro ya saki. Wadda ta fi wuya Turanci ne. Na sha ganin ɗalibi ya san amsa sarai, in na yi masa tambayar da Hausa ya ba ni ita tiryan-tiryan, amma a takarda ya faɗi, saboda wata 'yar kalmar togiya guda a ƙarshen tambaya ta juya ma'anar bai lura ba. Yawancinsu har su gama aji shida ba su taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba, sai ɗan abin da malam ya rubuta a allo suka kwafa. Wannan ba a gyara shi a wata uku. Karatu ne a hankali, shafi biyu yau, shafi uku mako mai zuwa, a karanta da murya, a yi gardama a kan abin da aka karanta, a rubuta rabin shafi wani ya duba da jan biro ya mayar wa yaro. Ni kaina da Hausa nake fara bayanin darasi mai wuya, sai ya zauna a kai sannan in ɗora masa kalmominsa na Turanci, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba, duk da wasu abokan aiki suna ganin ƙauyanci ne.

Sai ɗakin gwaje-gwaje. A wata makarantar da na koyar, buret ɗinmu, wato dogon bututun gilashin da ake ɗiga asid da shi, huɗu ne, ɗaya bakinsa a fashe, ɗalibai kuwa sun haura ɗari. A allo nake zana gwajin, in ce ku ɗauka ga asid a sama, ga alkali a ƙasa, ana ɗigawa. Sai ana saura mako guda jarrabawa a haɗa kuɗi a sayo sinadarai, a yi layi. Ba na manta wata yarinya da na miƙa wa kwalba, ruwan ciki launin hoda, na ce ta riƙa sakin asid ɗigo-ɗigo tana girgizawa. Da ɗigon ƙarshe ya sauka launin ya ɓace, ruwan ya koma garau, sai ta ja da baya ta ce, "La ilaha illallahu! Malam, ashe da gaske ne?" Shekara uku tana haddace abin nan tana cin jarrabawar aji, a ranta kuwa tatsuniya ce ta ɗauke shi. Irin wannan "ashe da gaske ne" ita nake roƙa wa yaranmu, tun suna aji huɗu, ba ana saura kwana bakwai ba.

Amma in za ku tambaye ni inda muka fi asarar yara, zan ce wajen rashin mai nuna hanya. A nan zan ɗan daɗe, ku yi mini haƙuri. Ɗan lakcara ko ɗan babban ma'aikaci yana jin zancen jami'a ne a kan tabarmar cin abinci, tun bai san yana koyo ba. Ya san likitanci yana buƙatar Bayoloji da Kemistiri da Fiziks a JAMB, injiniya kuma Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Ya san mai son lauya, a mafi yawan jami'o'i, sai da Adabin Turanci. Ya san sai da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma kada zaman jarrabawa ya wuce biyu. Ɗan maɗinki da ɗiyar mai ƙosai, su ne na farko a gidansu da za su taka wannan hanya, wa za su tambaya? Na san yarinyar da tun tana firamare take cewa ita ma'aikaciyar jinya za ta zama. Da aka zo raba aji a SS1 ta bi ƙawarta ajin adabi, don can aka ce babu wahala. Sai a aji shida, ranar cika fom, ta ji cewa ba ta da Kemistiri ba ta da Fiziks, hanyar ta rufe tun shekara biyu da suka wuce. Minti biyar na bayani, a kan kari, da ya ishe ta.

Ga kuma ƙananan tarkuna da ba su da alaƙa da ƙwaƙwalwa ko kaɗan. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a tura ta zuwa 55019 a karɓi lambar buɗe shafi. Yaro ya ari layin wayar wani ya yi, bayan wata biyu mai layin ya yar da shi ko ya yi tafiya, duk saƙon da aka turo ya bi iska. Wani sunansa a NIN daban, a WAEC daban, a takardar haihuwa daban: nan Muhammad, can Mohammed, wani wurin an sa sunan kaka a madadin na uba, shekarar haihuwa kuma kowa da tasa. Wani ya miƙa wa mai shagon intanet kuɗi ya ce a zaɓa masa kwas, aka zaɓa masa wanda darussansa ba su dace ba. Wani an ba shi gurbi a manhajar CAPS, inda JAMB ke nuna wanda ya samu shiga jami'a, bai san ana shiga a danna amincewa ba, bai san ana ɗora sakamakon WAEC ko NECO ba, yana zaune a gida yana jiran a kawo masa takarda. Wani ya ci komai, uba ya ce babu kuɗin rajista, alhali ba su taɓa jin labarin asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 ba, ko hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Duk waɗannan, ɗalibinku ɗan aji biyu a jami'a zai iya warware wa yara hamsin a zama ɗaya, don shi jiya-jiya ya bi ta wurin.

Na san za a ce ai ana taimakawa, kowace shekara masu hali da 'yan siyasa suna raba fom kyauta. Allah ya saka musu da alheri, ban raina ba. Amma na tsaya a wajen rabon nan ba sau ɗaya ba. A kafa rumfa, a kira mai hoto, yara su yi layi, a tafa. Daga ranar ba mai sake tambayar yaron me ya karanta, nawa ya ci, ina ya ƙare. Badi a sake kafa rumfa, sau da yawa ma fuskokin bara ne a layin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu lesin na kuɗi kuma, da suka cika Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada, sana'arsu suke yi, cikinsu akwai na ƙwarai, sai dai wanda ya fi bukata shi ne ba ya iya biya, kuma yawancinsu tsofaffin tambayoyi ake haddacewa daga Janairu zuwa Afrilu. Wanda ya rasa wannan ya rasa wancan, shi ne ake ja zuwa makarantun nan da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo. Ya fito da kiredit tara, ya zo gabanku ya kasa rubuta sakin layi ɗaya. Wannan ku kuke ganinsa a ajin farko, ba sai na ba ku labari ba.

Ban zo da roƙo hannu rabbana ba, na gwada da ɗan abin da nake da shi. Tun da na yi ritaya nake tara yaran unguwa a zaurena ranar Asabar. Yanzu su ashirin da uku ne, benci uku, sauran a tabarma, matan a tsakar gida wajen mai ɗakina, ina tsaye a bakin ƙofa ina yi wa ɓangare biyu magana. Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya gare mu, tsohuwar ta 'yata, batirinta ya mutu, in an ɗauke wuta ita ma ta ɗauke. Kowane yaro minti bakwai yake samu a kanta, in an yi sa'a. Wani abokina da ya koyar da Turanci yana zuwa in ƙafarsa ta bar shi. Duk da haka na ga canji da idona: yaran da ba sa iya ɗaga ido su yi tambaya yanzu har gardama suke yi da ni. Amma zaure zaure ne. Ba ni da buret, ba ni da Fiziks, kuma shekaru sun ja.

Abin da nake nema ba baƙo ba ne a wurinku. SBS da ta ɗauko irinmu daga makarantun da ba su da komai, ta goge mu kafin mu shiga aji ɗaya, wannan tunanin ne ya haife ta. Shirin IJMB, na share fagen shiga aji biyu a jami'a, har gobe a hannunku yake, ga makarantar share fage ta Funtuwa. Bambancin kawai, waɗannan suna karɓar yaro ne bayan ya gama sakandare, sau da yawa bayan ya faɗi, kuma da kuɗi. Ni cewa nake a tare shi tun bai faɗi ba. A Amurka ma akwai irin wannan shiri tun 1965, suna kiransa Upward Bound: jami'o'i ke ɗaukar yaran talakawa da waɗanda iyayensu ba su yi jami'a ba, a riƙa koyar da su bayan tashi daga makaranta da ranakun Asabar, da dogon hutu kuma su yi makonni a cikin jami'ar. Can gwamnati ke biya. Mu nan sai mun haɗa da kanmu, amma ginin da malaman muna da su.

Masu koyarwa ba sai farfesoshi ba, na san nauyin da ke kansu. Kuna da Tsangayar Ilimi da Cibiyar Ilimi, cike da ɗaliban da dole su yi koyarwar gwaji kafin su gama. Kuna da masu digiri na biyu da na uku. Ga masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda dama an ware musu rana guda a mako ta aikin al'umma. A ba su ɗan kuɗin mota da takardar shaida mai hatimin jami'a, za su zo. Mu tsofaffin malamai da ke zaune a gida muna jiran fansho, a kira mu mu sa musu ido, don sanin darasi daban, iya riƙe aji mai yara hamsin daban. Farfesa kuma ya leƙo sau ɗaya a zango, ya faɗa wa yara daga wace unguwa ya fito da irin makarantar da ya yi. Kada ku raina wannan.

Akwai abubuwan da in ba a kula da su ba shirin zai mutu a wata na biyu, kuma na faɗe su ne don na ƙone a kansu. Na farko Islamiyya. Yawancin yaranmu safiyar Asabar da Lahadi suna can, masu hadda ma har yamma. Ranar da aka sa uba ya zaɓa tsakanin Alƙur'ani da boko, an san wanda zai zaɓa, kuma ni ma shi zan zaɓa. Kada a kai ga haka. A zauna da shugabannin Islamiyyu tun kafin a buga takarda, a roƙe su su saki 'yan manyan aji ranar Asabar su riƙe Lahadi, ko a fara bayan sun tashi. Da na je da kaina wajen malamin Islamiyyar unguwarmu na yi masa bayani, shi ya fara turo mini 'ya'yansa biyu.

Sai 'yan mata. In ba a ware musu rabin gurabe tun farko ba, maza za su cinye. Iyaye kuma za su tambayi wa zai koyar, da wa za ta dawo, ƙarfe nawa. A tashi da wuri yadda kowace za ta shiga gida kafin magariba, a sa malamai mata a gaba, a bar uwa ko yaya ta zo ta gani da idonta ranar farko. Sai kuɗin mota, wanda shi ne ke kashe irin wannan abu shiru-shiru. Yaro daga Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona zuwa Samaru, hawa biyu ne ko uku, zuwa da dawowa ya fi ƙarfin gidan da ake auna masara da kwano. Shi ya sa na ce a raba: 'yan birni da Tudun Wada da Gyallesu su yi Kongo, 'yan Samaru da Bomo da Zango da Palladan da Basawa su yi babban mazauni, ranar gwaje-gwaje kawai a kwaso kowa a motar jami'a. A kuma ba su ko da burodi da ruwa, don na ga yaro yana gyangyaɗi a kan Fiziks ba don ragwanci ba.

Zaɓen yara kuwa, don Allah kada ya bi ta takardar alfarma. Ranar da aka fara karɓar ɗan kati daga wane da wane, sai 'ya'yan masu hali su cika benci, waɗanda dama suna da malamin gida. A ba kowace makarantar gwamnati adadinta, a yi ɗan gwaji mai sauƙi, a haɗa da shaidar malaman aji. Kuma kada a tsaya kan na ɗaya zuwa na uku kawai. Akwai yaron da ke na goma sha biyar saboda da yamma yana garejin gyaran babur, in ya samu mai riƙe hannunsa zai wuce na ɗayan.

Kuɗi fa? Na san halin da jami'o'i ke ciki, kuɗin wuta kaɗai ya isa ya hana shugaba barci, kuma na san ba kowane ɗaki ke zaman banza ranar Asabar ba, akwai masu karatun wucin gadi da gwaje-gwajen ɗalibai. Shi ya sa ban ce ku ɗauki nauyin duka ba. Ku ba da wuri da suna da tsari. In jami'a ta kira taro, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa za ta zo, ta Alhudahuda za ta zo, ƙungiyar raya ilimi ta Zariya, ZEDA, za ta zo, tsofaffin ɗalibanku da suka cika bankuna da ma'aikatu za su zo. Masu raba fom a ce musu su kawo rabin kuɗin nan, a rubuta sunansu a jikin allo in suna so. Fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau kuma, in aka kai mata maganar, kalma ɗaya ta hakimai da masu unguwanni da limamai ta fi sanarwar rediyo goma wajen shawo kan iyaye. Ni dai zaurena ba zai iya kiran waɗannan mutane ba. Ku za ku iya.

Kada a fahimce ni a karkace, ban roƙi a sassauta wa yaran Zariya maki ba, ban kuma ce a ware musu gurabe ta bayan gida ba. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya sananne ne: kashi 45 cancanta, kashi 35 yankin da jami'a take, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, kuma Kaduna tana cikinsu. Ƙofa a buɗe take ta fuska uku. Abin kunyar shi ne a ce har yau ta kason waɗanda aka bari a baya muke sa rai, a garin da mutane ke zuwa daga Legas da Inugu neman ilimi. So nake yaronmu ya shiga ta kason farko, da makinsa.

Ku fara da kaɗan. Yara ɗari biyu, makarantu goma, shekara ɗaya. A rubuta sunan kowa da abin da ya iya ranar da ya shigo, a sake auna shi ƙarshen shekara, a bi sawunsa har sakamakon WAEC da JAMB, a buga alƙaluman kowa ya gani, masu daɗi da marasa daɗi. Ku masu bincike ne, wannan aikinku ne na yau da kullum, har wani ma ya samu digirinsa a kai. In bai yi amfani ba ku rufe, ni zan fara cewa na yi kuskure.

Ɗan maƙwabcin nawa ya sake yankar fom. Yanzu shi ke nuna wa ƙananan yadda ake riƙe linzami a zaurena, kuma abin da yake fara gaya wa kowa shi ne kada ya kuskura ya taɓa S. Na yi masa alkawarin zan kai shi ya ga Tsangayar Injiniya da idonsa kafin jarrabawa, ko da daga waje ne. In kun ga dama ku sa wani daga Cibiyar Ilimi ya neme ni ta hannun editan da ya buga wannan wasiƙa. Ina da sunayen yara ashirin da uku a rubuce, da na tsofaffin malamai bakwai da suka ce a sa da su, kuma duk Asabar daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa azahar ina zaure.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙo.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin Kemistiri,
Birnin Zariya.